Tashin farko na jirgin da aka haɗa a gida: inda haɗarin yake

Duk lokacin da bidiyon wani matashi da ya haɗa jirgin sama a garejinsa ya zagaya WhatsApp, 'yan uwa a Agege da Sabon Ibadan sukan tambaye ni, a matsayina na ɗan Minna mai bibiyar harkar jirage, wai da gaske zai tashi? Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne ranar gwajin farko, domin a nan ake rasa rai.

Mun san labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma a ganina wannan taka-tsantsan ne ya tsare shi. A jihar Maharashtra ta Indiya kuwa, a watan Agustan 2021, wani matashi mai walda ya mutu yana gwada nasa, bayan farfelar ta karye ta sare shi a ka. Jirgin ma bai bar ƙasa ba.

Haɗa ƙaramin jirgi da hannu ba wasan yara ba ne. Air Beetle ɗin da sojojin saman Najeriya suka yi ta koyon tuƙi da shi a Kaduna asalinsa RV-6A ne, samfurin da mutane ke saya gunduwa-gunduwa a Amurka su haɗa a gida. Sai dai can ma, hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa a 2011 irin waɗannan jirage ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar ba, amma su ke da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Abin da ya fi yawan jawowa shi ne mutuwar inji, kuma sau da yawa mai ne bai isa ba: datti a tanki, tiyo ya lanƙwashe, ko matata ta toshe. Inji zai yi ta ruri lafiya lau a ƙasa, da an ɗaga hanci sama sai ya shaƙe. Shi ya sa ake karkata jirgin a ƙasa kamar yana hawa, a auna man da ke zuba, sai ya zarce abin da injin ke sha in an buɗe masa wuta duka.

Sai nauyi. In ya rinjaya baya, hanci zai miƙe sama, jirgin ya rasa gudu ya rikito. Akwai kuma wayoyin sitiyari da ake haɗawa a juye, ka karkata dama ya tafi hagu. Sannan shi kansa mai ƙirar, wanda ya shekara yana walda amma bai iya tuƙi ba, ga jama'a sun taru da wayoyi, kunya ta hana shi fasawa. A Amurka yawanci akan yi awa 25 ko 40 ana gwaji a keɓaɓɓen wuri kafin a ɗauki fasinja.

Minna tana da nata ƙarin matsalar. Zafin watan Maris yana sa iska ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Filin ƙwallo a Bosso ko Chanchaga ba zai wadatar ba, balle ga gidaje da wayoyin lantarki. Hazon hunturu kuma yana rufe gani. Titin jirgi na gaske yana Maikunkele, kuma ba a shigarsa haka kawai: rajistar jirgi da lasisin matuƙi duk a hannun hukumar NCAA suke, koyon tuƙi kuwa akwai kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964.