Tarihin Binciken Fasahar Gane Magana da Koyon Harshen Yara

Fasahar gane magana fanni ne da ke koya wa na'ura sauraron abin da mutum ya faɗa ta mayar da shi rubutu. Nazarin koyon harshe kuwa yana bin diddigin yadda jariri ke tashi daga gwaranci har bakinsa ya buɗe. An saba ba da tarihinsu daban-daban, ɗaya wajen injiniyoyi, ɗaya wajen masana halayyar ɗan Adam, alhali tambayar da ke gabansu guda ce: ta yaya mai sauraro ke tsinto kalmomi daga sautin da ke kwarara ba tsagaitawa? Wanda ya bi tarihin da kyau zai ga kusan duk babban ci gaban da aka samu ya biyo bayan tara muryoyin mutane ne, kuma harsunan da aka naɗa su ne suka ci moriyar.

A 1952 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka ƙera Audrey, na'urar da ke gane lambobi daga sifili zuwa tara, ita ma sai an daidaita ta da muryar mai maganar. A 1971 ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba kuɗi a wani shiri na shekara biyar, wanda ya haifar da Harpy a Jami'ar Carnegie Mellon, mai gane kalmomi 1,011. Sauyin gaske ya zo ne daga rukunin Frederick Jelinek a kamfanin IBM. Su sun daina cusa wa kwamfuta dokokin nahawu da hannu, suka bar ta ta ƙirga wane sauti ke bin wane, wace kalma ke bin wace, daga tarin misalai. Tun daga nan wanda ya fi yawan muryoyi shi ke kan gaba. Shi ya sa taskar Switchboard ta farkon shekarun 1990, mai ɗauke da kimanin awa 260 na hirar tarho, ta zama ma'aunin da aka daɗe ana gwada sababbin na'urori da shi.

Masu nazarin yara ma hanyar da suka bi ke nan. A 1962 Roger Brown na Jami'ar Harvard ya fara naɗar maganar yara a gidajensu, aikin da ya tsaya kan yara uku, aka yi ta rubuta zantukansu da hannu har littafinsa ya fito a 1973. A 1984 Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa CHILDES domin masu bincike su riƙa ajiye irin waɗannan bayanai wuri guda. A shekarar ce kuma Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka nuna cewa jariran gidajen masu Turanci 'yan wata shida zuwa takwas suna bambance sautukan Hindi da iyayensu ba sa jin bambancinsu, amma kafin su cika shekara kunnen ya rufe, ya koma kan harshen gida. Gwajin da ya fi kusanto da fannonin biyu shi ne na Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport a Jami'ar Rochester a 1996. Sun kunna wa jarirai 'yan wata takwas muryar na'ura tana jero gaɓoɓi marasa ma'ana na minti biyu, babu numfasawa, babu ɗaga murya. Cikin jerin akwai ƙirƙirarrun kalmomi huɗu masu gaɓa uku-uku. Da aka gwada su, tsawon lokacin da suka ɗauka suna sauraro ya nuna sun rarrabe kalmomin da gutsattsarin da suka haɗo ƙarshen wata da farkon wata. Ashe jariri ma yana lura da abin da ke yawan bin abu, kamar yadda na'urar Jelinek ke yi.

Wasu na cewa kwatanta yaro da na'ura ɓata lokaci ne, kuma suna da hujja. Whisper, manhajar da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da awa 680,000 na magana, wato sama da shekara 77 ana saurare ba barci, alhali ɗan shekara uku ya riga ya iya gardama da uwarsa. Patricia Kuhl ta nuna a 2003 cewa jariran Amurka sun kama sautukan Sinanci daga mutumin da ke zaune yana wasa da su, amma ba su kama daga bidiyo ba. Sai dai wannan tazarar ita ce ainihin abin binciken. Gasar da Emmanuel Dupoux da abokansa suka fara a 2015 ta nemi a gina na'urar da za ta gano sautuka da kalmomi daga murya zalla, ba rubutu, kuma harsunan da ba su da tarin rubutu ne za su fi kowa amfana da hakan.

Wasu kuma na ganin manyan kamfanoni sun gama aikin, tunda a 2023 Meta ya sanar da manhaja mai gane harsuna sama da 1,100. A duba daga ina muryoyin suka fito: yawancinsu karatun Sabon Alkawari ne, kimanin awa 32 ga kowane harshe. Mai karatu a natse a gaban makirufo daban yake da mai ciniki a Kasuwar Kurmi da ke tsoma Turanci cikin Hausarsa, balle yaro da bai gama iya furuci ba. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da Whisper ta saurara Turanci ne. A ɓangaren yara giɓin ya fi faɗi: Evan Kidd da Rowena Garcia sun duba manyan mujallun fannin guda huɗu a 2022, suka tarar harsuna 103 kacal aka taɓa nazarta a mujallun, cikin kusan 7,000 na duniya. Duk ƙa'idar da aka gina a kan wannan ɗan yanki, aka ce ta kowane yaro ce, tana jiran gwaji.

Hausa ta fara shiga. Masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun wallafa aikin gane maganar Hausa a 2012 ƙarƙashin shirin GlobalPhone, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin masu sa kai da Hausa. Amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, duk da suna sauya ma'ana, saboda haka na'urar da ta dogara da rubutu tana rasa abin da jaririn Bahaushe ke ji tun yana goye. Yaushe yaro ke kama wannan karin, kuma yaya yake koyon jam'in Hausa mai sigogi barkatai? Amsar tana cikin gidajen Kano da Sakkwato da Damagaram. Ya kamata sassan harsuna da na kwamfuta a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni ta Yamai su haɗa ɗalibansu kan aiki guda, su naɗi maganar yara da ta manya da yardar masu ita, su ajiye ta inda kowane mai bincike zai iya samu.