Yadda Gubar Dalma Ta Kai Masu Bincike Bakin Injin Niƙa

Bayan 2008 farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, sai manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara suka duƙufa haƙo. A kwaso dutse daga rami a kawo cikin gari, a farfasa, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a wanke, sannan a kama zinariyar da zaiba. Wani aikin ma a tsakar gida ake yin sa, mata na daka, yara na rarrafe cikin ƙura. Ba wanda ya gaya musu dutsen cike yake da dalma.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara na jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Da aka gwada jini a Turai, gubar dalma ce ta bayyana. Masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, suka gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Mutanen garuruwan sun kuma shaida musu cewa agwaginsu ne suka fara mutuwa. An ƙiyasta yaran da aka rasa a jihar sun kai 400.

Aikin farko na ceton rai ne: ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, da kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, aikin ƙasar kuwa kamfanin TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith Institute ne suka jagoranta. Garin Bagega kuwa sai 2013 aka share shi, bayan matsin lamba ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin.

Sai dai an bar baya da ƙura. Uban da ya wuni a bakin inji zai dawo da guba a rigarsa da gashinsa, yaron da aka yi wa magani ya sake kamuwa. Da irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, ta ci yara 28, hankali ya koma kan ma'aikacin kansa. MSF da ƙungiyar OK International suka maƙala wa mahaƙa da masu niƙa na'urorin auna iskar da suke shaƙa, sannan suka gwada fesa ruwa a wurin aiki. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna dalmar da ke iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai cin huhu kuma da kashi 80. Aka haɗa da wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida.

Abin takaici, dabarar ruwa ba sabuwa ba ce. Cutar huhun mahaƙan zinariya a Afirka ta Kudu ce ta sa aka yi taron duniya kanta a Johannesburg tun 1930, kuma danne ƙura da ruwa na cikin abin da aka daɗe da sani a can. Ilimin ya tsaya wa manyan kamfanoni, bai iso ga mai diga da shebur ba.

Batun ma'adinai a Zamfara kuma yana da fuskar tsaro. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙo a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Haramcin bai rufe ramuka ba, ya dai sa aikin ya koma a ɓoye, inda mai auna ƙura ba ya iya zuwa. A 2022 MSF ta miƙa shirinta na dalma ga gwamnatin jihar, a watan Disamba na 2024 kuma ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin.