BABI NA UKU: JULIUS YEGO DA WASAN JIFAN MASHI A AFIRKA

3.0 Gabatarwa

Mashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin makamin yaƙi ne da farauta tun zamanin kakanni, kuma har yau ana ganin sa a hannun mahaya ranar hawan salla. A matsayin wasa kuwa, ana jefa mashi mai nauyin giram 800 ga maza, a auna nisan inda ya sauka. Wannan babi zai bi tarihin Julius Yego na ƙasar Kenya, don a tantance ko baiwa kaɗai ce ta ɗaukaka shi, kamar yadda aka fi yayatawa.

3.1 Haihuwa da Tasowarsa

An haifi Yego ranar 4 ga Janairu, 1989, a yankin Nandi, inda aka yi suna wajen fitar da 'yan gudun dogon zango. Shi sai ya ɗauki mashi, a ƙasar da ba ta da ƙwararrun masu koyar da wannan fanni. Don haka ya riƙa zuwa shagunan intanet yana kallon jifan Jan Zelezny da Andreas Thorkildsen a YouTube, yana kwaikwayo. Wannan ne ya jawo masa laƙabin da ke danganta shi da YouTube. Da wannan ƙoƙari ya ci lambar zinare a gasar wasannin Afirka ta Maputo a 2011, da jifan mita 78.34.

3.2 Zuwa Finlan

Bayan nasarar Maputo, Yego ya sami tallafin zuwa cibiyar Kuortane ta ƙasar Finlan, inda Petteri Piironen ya horar da shi. Daga nan nisan jifansa ya riƙa ƙaruwa. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya jefa mita 81.81, ya kai zagayen ƙarshe. A Mosko a 2013 ya zo na huɗu da mita 85.40. A 2014 ya ci zinare a gasar ƙasashe rainon Ingila a Gilasgo. Ranar 26 ga Agusta, 2015, ya zama zakaran duniya a Beijin da mita 92.72, jifan da babu ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa kafin shi. Abin lura a nan shi ne, wanda ya zo na biyu ranar, Ihab Abdelrahman na Masar, shi ma ɗalibin Piironen ne. Wato tsakanin 2011 da 2015 an sami ƙarin fiye da mita 14, kuma duk bayan ya shiga hannun malami.

3.3 Rauni da Juriya

A Olamfik ta Riyo a 2016 ya jefa mita 88.24, sannan ya ji rauni a ƙafa, aka fitar da shi bisa keken marasa lafiya. Thomas Röhler na Jamus ya wuce shi, ya tashi da azurfa. Shekarun da suka biyo baya sun yi masa nauyi, amma a Faris a 2024 ya zo na biyar da mita 87.72. A wannan shekarar ce Chinecherem Nnamdi na Nijeriya ya doke shi a gasar Afirka ta Akra da mita 82.80. Shi ma Nnamdi a Jami'ar Baylor ta Amurka ya sami horo.

3.4 Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, za a fahimci cewa kallo ya buɗe wa Yego ƙofa, amma malami da kayan aiki ne suka kai shi ƙololuwa. Wannan darasi ya shafi ƙauyuka irin Ruwan Ɓore da sauran garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda yara ke tasowa da jifa wajen kiwo da korar tsuntsaye a gona. Ƙarfin hannu yana nan, sai dai ba ya zama gwaninta sai an sami fili da mashi da mai koyarwa a makarantu. Babi na gaba zai duba matsayin wasannin motsa jiki a makarantun jihar Zamfara.