Iburu: Hatsin da Bai Gama Barin Daji Ba

Matasan Tudun Wadar Zariya sun san masara da dawa da gero, wasu sun san acca, amma kaɗan ne za su iya shaida iburu in an ɗebo musu a tafin hannu. Alhali kuwa a da manoman ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, har zuwa Damagaram, suna yafa shi a tsakanin kunyoyin gero da dawa.

Iburu ɗan'uwan acca ne, kuma dukansu dangin ciyawar harƙiya ne. Masana tsirrai na ganin daga wata ciyawar daji ta wannan dangi magabata suka samo shi, suna tsintar ƙwayarta suna ci, sannu a hankali suka riƙa ware iri suna shukawa. A 1915 Otto Stapf na lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya bayyana shi a matsayin hatsi mai zaman kansa.

Sai dai iburu bai saki halin kakanninsa ba. Da ya nuna sai ya fara zuba, dole a yanke shi da lauje a kan kari. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, ɓawonta baƙi ne mai taurin kai, mata kan sha wuya wajen surfe da bakace da rairaye yashi kafin a tuƙa tuwo ko a dama kunu. Ladan wahalar shi ne yana yi a ƙasar da ta gaji, inda wani hatsin ba ya kataɓus.

Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922, ta fi mayar da hankali ga auduga da gyaɗa da dawa. Daga shekarun 1970 kuma ingantaccen irin masara da takin zamani mai rahusa suka mamaye gonakin Zazzau, musamman bayan shirin raya noma na Funtuwa. Iburu ya ja da baya, an fi samunsa a tsaunukan Filato da kudancin Kaduna, da arewacin Togo da Benin.

Yanzu da taki ya yi tsada, damina kuma ta zama ba tabbas, tambayar da ke gaban masu bincike ita ce yadda za a rage zubarsa a gona, a kuma sauƙaƙa wa mata surfensa.