Bindigar Talabijin da Bindigar Tarihi

Duk wanda ya taɓa yin sammako daga masana'antun Challawa ya nufo gari ta wajen Sharada, to kusan sawun rundunar Kanar Morland ya biyo. Daga Zariya ta taso, ta fasa Bebeji, ta ƙetare kogin Challawa, sannan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Wannan labari muna koyar da shi a aji kowace shekara, kuma kusan kullum sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai su ma suna da bindiga, me ya sa aka ci su a wuni guda?"

Ba laifin yaro ba ne. Abin da ya gani a akwatin talabijin ke nan. A wasannin kwaikwayonmu na tarihi sai ka ga dakare ya ɗaga bindigar toka ya yi harbi biyar a jere, bai tsaya ɗuri ba, ko hayaƙi bai turnuƙe shi ba. Idan haka bindigar kakanninmu take, ashe ba abin da ya kayar da su sai tsoro ko cin amana, kuma da wannan fahimta yaro zai girma.

Lalle Kano ta daɗe da sanin bindiga. Littafin Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), kuma Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Shi kansa Sarki Alu ai da Mai Sango aka san shi, sango kuwa ɗan mashi ne mai dafi da ake harbawa da bindiga. Amma mai karatu ya dubi yadda ake ɗura yawancin bindigogin nan. Ta baki ake zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa, sannan a gyara ƙanƙara. Harbi ɗaya, aiki ya koma farko. Idan damshi ya taɓa albarushin, ta zama kulki. In an cika mata ɗuri kuwa, mai ita take fara ci. Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya raɗa mata suna harba-ka-ruga.

Su kuma Turawa da sojojinsu, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu Hausawa ne, sun zo da igwa da bindigar Maxim, mai jigidar harsashi, wadda ake sanyaya bakinta da ruwa, tana zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya. Igwar ce ta fasa Ƙofar Kabuga, Sarki Alu kuma yana Sakkwato. Wanda ke zargin tsoro ya tuna da Kwatarkwashi a ƙarshen wannan wata, inda Waziri Ahmadu ya yi ta kai hari da dawaki a kan sojojin da ba su cika 50 ba, masu bindigogin da ake ɗurawa ta gindi, har ya faɗi a fagen daga.

Masu labarai ma ba su tsira ba. Tun bayan harin da aka kai wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ranar 20 ga Janairu 2012, kunnenmu ya cika da AK-47. Kowace doguwar bindiga sunanta ke nan, ko da ta maƙera ce aka shimfiɗa a tabarma gaban 'yan jarida. Alhali ita ƙirar Kalashnikov, ta Rasha, kwansonta na cin harsashi 30, kuma ba a maƙerar ƙauye ake yin ta ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin ɗaya tana nuna maharbi ko ɗan tauri, ɗaya kuwa tana nuna an ɓalle rumbun makamai ko an ratsa iyaka.

Mu marubuta ne ke tsara wa 'yan wasa labari. Gidan Makama na nan kusa da fada da tsoffin makamansa, maharba kuma ba su ƙare a ƙauyukan bakin Challawa ba. Wani dattijo daga cikinsu ya taɓa ɗura tasa a gaban ɗalibanmu, muna duban agogo. Kafin ya gama, minti ɗaya ya wuce.