Kwana 13 na Watan Yuni: Tarihin Rigimar Wanda Ya Mallaki Faifan Wasa

Ranar 6 ga Yuni, 2013, kamfanin Microsoft ya wallafa ƙa'idojin da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Xbox One, za ta yi aiki da su. Na'urar za ta riƙa neman intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kowace awa 24, in ba ta samu ba wasanni su kulle. Wanda ya sayi faifai zai iya bai wa abokinsa kyauta sau ɗaya kacal, shi ma sai abokin ya cika kwana 30 a jerin abokansa. Sayar da tsohon faifai kuwa sai a shagunan da aka amince da su, kuma sai kamfanin da ya fitar da wasan ya yarda. Ranar 19 ga watan kamfanin ya janye duka. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan ranaku biyu ya sauya wanda zai mamaye kasuwar na tsawon shekaru, amma tushen rigimar ya girmi wasan bidiyo kansa.

Haƙƙin mai saye

A shekarar 1908 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a tsakanin kamfanin buga littattafai na Bobbs-Merrill da masu kantin Macy's. Mabugin ya rubuta a jikin wani littafinsa cewa kada a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, kantin kuwa ya karya farashi. Kotu ta ce ikon mai haƙƙin mallaka a kan kwafi guda yana ƙarewa ne da zarar ya sayar da shi. Mai saye ba shi da damar buga wasu kwafin, amma wanda ke hannunsa nasa ne: ya ara, ya ba da kyauta, ko ya sayar. A kan wannan ƙa'ida kasuwar tsofaffin littattafai da fayafayen waƙa ta ginu, daga baya kuma kaset ɗin wasan bidiyo ya bi sahu.

Masu ƙera wasanni ba su taɓa jin daɗin hakan ba. A Japan sun yi nasarar sa a hana hayar wasanni tun 1984 sai da izinin mai haƙƙi. A Amurka, Nintendo ya kai kamfanin haya na Blockbuster kotu a 1989, kuma da yake doka ba ta hana hayar kaset ba, sai ya kama shi da laifin kwafar littattafan bayanin wasannin. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta hana hayar manhajojin kwamfuta, amma ta cire wasannin na'urorin gida daga haramcin. A Japan ma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2002 cewa sayar da tsohon wasa halal ne. Galibi idan aka je gaban alƙali, muddin wasan yana cikin wani abu da hannu zai iya ɗauka, mai saye ne ke da gaskiya.

Auren dole tsakanin kamfani da shago

Kasuwancin na'urar wasa yana da tsari na daban. Kamfani kan sayar da na'urar a farashin da ya ƙera ta, wani lokaci ma da asara, sannan ya mayar da kuɗinsa daga kason da yake karɓa a kan kowane wasa. Mai shago ma ribarsa a kan na'ura ƙanƙanuwa ce, a kan sabon faifai kuma ba ta taka kara ta karya ba. Inda romon yake shi ne faifan na hannu. Shago zai karɓi wasan da yaro ya gama a kan kuɗi kaɗan, ya sake sayar da shi da ƙaramin ragi daga farashin sabo, ya riƙe bambancin gaba ɗaya. Da wannan GameStop ya bunƙasa har ya mallaki shaguna sama da 6,000 a duniya, kuma a lokacin kayan na hannu ne ke kawo masa kusan rabin ribarsa.

Masu fitar da wasanni suna ganin faifai guda yana zagaya hannu huɗu ko biyar alhali sau ɗaya aka biya su. Masu shaguna kuma suna cewa kuɗin da mutum ya samu daga tsohon faifai, sabon faifai yake saye da shi. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar, kuma babu mai iya rabuwa da ɗan'uwansa, domin na'ura ba ta isa gidan kowa sai ta bi ta kan kanta. A 2010 kamfanin Electronic Arts ya fito da wata dabara: lambar sirri a cikin kowane sabon faifai, wadda ake amfani da ita sau ɗaya, wanda ya sayi na hannu kuma sai ya biya dala 10 kafin ya yi wasa da wasu ta intanet. 'Yan wasa suka tsani tsarin, aka soke shi a 2013.

A gefe guda wata hanya tana buɗewa. Kamfanin Valve ya ƙaddamar da Steam a 2003, ya kuma wajabta shi ga duk mai son Half-Life 2 a 2004. An yi ta gunaguni, amma cikin 'yan shekaru masu wasa a kwamfuta suka saba da saye ta intanet, musamman saboda rangwamen da ake yawan yi. Abin da mutum ya sauke ba shi da jikin da za a miƙa wa wani, don haka ƙa'idar 1908 ba ta da inda za ta kama. Takardar sharuɗɗan da kowa ke amincewa da ita ba tare da karantawa ba ta ce lasisin amfani aka saya. Sony ya gwada irin wannan a 2009 da PSP Go, na'urar hannu marar gurbin faifai. Wasu shaguna suka ƙi ajiye ta, tunda babu wasan da za su sayar bayanta, kuma ba ta yi kasuwa ba.

Mako biyu da suka girgiza Microsoft

Shirin Xbox One yunƙuri ne na mayar da faifai ya zama lasisi. Da zarar an zuba wasa a na'ura, sai ya manne da asusun mai shi, faifan ya zama fanko. Tsarin yana da amfaninsa: mutum zai iya yin wasanninsa a kowace na'ura ba tare da ɗaukar faifai ba, kuma an yi alkawarin raba su da 'yan gida har mutum 10. Binciken awa 24 shi ne abin da zai hana mutum ya zuba wasa sannan ya sayar da faifan. Sai dai kamfanin ya kasa bayyana wannan da harshen da jama'a za su gane. Abin da suka ji shi ne za su biya cikakken kuɗi sannan su riƙa neman izini kullum.

Ranar 10 ga Yuni aka buɗe makon baje kolin E3 a Los Anjalas. Da safe Microsoft ya sanar da farashin dala 499, saboda kowace na'ura za ta zo da kyamarar Kinect. Da yamma shugaban PlayStation na Amurka, Jack Tretton, ya hau dandamali ya ce PlayStation 4 za ta karɓi faifan na hannu, ba za ta buƙaci binciken intanet ba, sannan aka sanar da farashinta dala 399. Zauren ya kaure da tafi da sowa, a kan abin da kowace na'ura take yi tun shekaru 30 da suka wuce. A daren Sony ya saki wani gajeren bidiyo na koyar da yadda ake ara wa aboki wasa: Shuhei Yoshida ya miƙa wa Adam Boyes faifai, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Miliyoyin mutane suka kalla.

Shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, ya ƙara wa wutar fetur. Da ɗan jarida Geoff Keighley ya tambaye shi game da waɗanda ba su da intanet, sai ya ce kamfanin yana da na'urar da ta dace da su, wato tsohuwar Xbox 360. Sojojin da ke aiki a jiragen ruwa, da mazauna karkara, da mutanen ƙasashen da ba sa cikin jerin farko na ƙasashe 21 da za a kai wa na'urar, duk suka fahimci cewa ba a yi lissafi da su ba. Ra'ayin 'yan wasa ya bayyana a wurin da kamfani ba ya iya kau da kai, wato rajistar masu biyan kuɗin na'ura tun kafin ta fito, inda PlayStation 4 ta yi gaba. Ranar 19 ga Yuni Mattrick ya sanar da cewa an soke binciken awa 24, faifai zai yi aiki kamar yadda aka saba, an kuma cire takunkumin yanki. Alkawarin rabawa da 'yan gida ma ya tafi tare da su. Ranar 1 ga Yuli aka sanar da komawarsa kamfanin Zynga.

Lashe aman bai gyara ɓarnar ba. PlayStation 4 ta fito ranar 15 ga Nuwamba, ta sayar da fiye da miliyan ɗaya a awa 24 na farko, ta kuma ƙare da sama da miliyan 117. A 2022 Microsoft da kansa ya shaida wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Burazil cewa Sony ya ninka shi fiye da sau biyu a wannan zango. Phil Spencer, wanda ya karɓi ragamar Xbox a 2014, ya ce a 2023 wannan ne zango mafi muni da za a faɗi a cikinsa, domin a lokacin ne jama'a suka tara wasanninsu na intanet. Wanda ya zuba kuɗin shekara bakwai a asusun PlayStation ba zai tashi ya bar su ba, tunda ba zai iya sayar da su ko ya ƙaura da su ba.

Abin da aka ƙi da tsiya, aka karɓa da arziki

Maganar Spencer ta nuna inda tarihin ya juya. 'Yan wasan da suka kare faifai a 2013 su ne suka daina sayensa a shekarun da suka biyo baya. Saukewa ta fi sauƙi, rangwame ya yawaita, kuma faifan kansa ya fara zuwa da rabin wasa, sauran sai an sauke. Kamfanonin na'ura suna da dalilin ƙarfafa wannan: kantinsu ne kaɗai a cikin na'urar, suna karɓar kusan kashi 30 cikin ɗari na kowane ciniki, babu kuɗin bugawa da dako, babu kasuwar na hannu.

Shaguna suka fara ganin ƙasa tana zamewa. Daga 1 ga Afrilu, 2019, Sony ya daina ba su lambobin saukar cikakkun wasanni, ya bar musu katin zuba kuɗi. A Nuwamba 2020 PlayStation 5 ta fito kala biyu, mai gurbin faifai a dala 499, marar shi a dala 399, Xbox Series S marar faifai kuma a dala 299. Mai shagon da ya sayar da irin wannan na'ura ya san mai sayen ba zai dawo neman wasa ba. Shi ya sa a Oktoban shekarar GameStop ya ƙulla yarjejeniya da Microsoft wadda za ta ba shi kaso daga cinikin intanet na na'urorin da ya sayar.

Daga nan sai aka fara ganin ɗaya fuskar lasisi. A Maris 2021 Sony ya ce zai rufe kantunan PlayStation 3 da Vita da PSP. Kuka ya yi yawa, ranar 19 ga Afrilu shugaban sashen, Jim Ryan, ya janye batun biyun farko. Nintendo kuwa ya rufe saye a kantunan 3DS da Wii U ranar 27 ga Maris, 2023, Microsoft ma ya rufe na Xbox 360 ranar 29 ga Yuli, 2024. Duk wasan da a intanet kaɗai aka fitar da shi, rufe kanti na nufin babu sauran hanyar halal ta samunsa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne The Crew, wasan tseren mota na Ubisoft. Ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin ya kashe kwamfutocin da wasan ya dogara da su, sai ya daina aiki ga kowa, har da masu faifai a hannu. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma masu wasan sun gane ranar nan cewa aro aka ba su. Wani mai shirya bidiyo, Ross Scott, ya kafa gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana kantunan intanet amfani da kalmar saye sai sun fayyace wa mutum cewa lasisi yake biya.

Wannan tarihi ya shafi wanda ke nesa da Los Anjalas fiye da wanda ke kusa. Yawancin ƙasashen Afirka ba sa cikin jerin da Sony ke buɗe wa asusu a hukumance, don haka mai saye kan yi rajista da adireshin wata ƙasa, ya riƙa zuba kuɗi da katin da dillali ya kawo. Idan aka kulle asusun, babu shagon da zai koma, kuma dokar kare mai saye ta can ba ta san da zamansa ba. Faifai, ko na hannu ne, yana aiki ba tare da data ba, ana iya musayarsa, ana iya sayar da shi idan buƙata ta taso. Shi ya sa gurbin faifai, wanda ya ƙara dala 100 a farashin PlayStation 5 lokacin fitowarta, yake da wata daraja ta daban a inda intanet ke da tsada.

Rigimar 2013 ta nuna cewa ra'ayin masu saye yana da ƙarfi idan aka ƙwace musu abu a fili, a rana guda, kuma akwai abokin gasa da ke jiran su. Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa ƙarfin yana raguwa idan canjin ya zo a hankali, da rangwame da sauƙi. Shi ya sa fafutukar ta bar zauren baje koli ta koma majalisun dokoki, inda ake neman amsar tambayar da kotu ta amsa wa littafi a 1908, wato iyakar ikon mai sayarwa bayan ya karɓi kuɗinsa.