Tarihin Kiyaye Hatsarin Jiragen Sama a Kano

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawaki. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma kawo wasiƙu daga Hartum, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Kano ta zama zangon jiragen da ke keta Sahara, inda suke shan mai kafin su wuce Turai ko kudancin Afirka. Kiyaye hatsari a wancan zamani aikin ido da kunne ne. Har cikin shekarun 1950 akwai mai busa kakaki a kan raƙumi a filin jirgin Kano, da ya busa sai masu ratse da makiyaya su san jirgi na tafe, su kauce da dabbobinsu.

Babban darasi na farko daga sama ya zo. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin kamfanin BOAC mai zuwa Landan ya tashi daga Kano da yamma, hadari na haɗowa. Yana cikin hawa sai iskar da ke gabansa ta juya ta koma bayansa farat ɗaya, gudunsa ya ragu, ya yi ƙasa ya daki bishiya. Mutum 32 cikin 45 suka rasu. Masu bincike sun gano juyawar iskar, amma sai bayan kusan shekara 20 masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fayyace yadda iska ke zubowa daga cikin hadari ta bugi ƙasa ta fantsama. Daga nan aka samar da na'urar gargaɗi a gaban matuƙi, aka kuma kafa ƙa'idar cewa in hadari ya tsaya a bakin titi, jira ake yi.

Jigilar alhazai ce ta mayar da jirgin sama abin kowa a ƙasar Hausa. Kakannin mutanen Lausu da Rano da Kibiya ta Barno da Cadi da Sudan suke bi zuwa Makka, wasu su shekara da shekaru a hanya, jikokinsu kuwa sansanin alhazai na Kano suke zuwa, su sauka Jidda cikin sa'o'i kaɗan. Sai dai aikin ya zo da nasa nauyi: dubban mutane, kwanaki ƙididdigaggu, ga Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ba shi da isassun jirage, sai ya yi ta ɗauko shata daga waje. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, ya kama da wuta. Mutum 176 cikin 202 suka rasu.

Hatsarin da ya fi tona asirin yadda kamfani ke lalacewa daga ciki shi ne na ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgin DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, yana yi wa Nigeria Airways jigila daga Jidda zuwa Sakkwato. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun auna tayoyi sun ga biyu iskarsu ta yi ƙasa. An yi niyyar canza su, aka fasa saboda an makara a jadawalin kwasar alhazai. Da safiyar tafiya babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da kwangilar kuma ya ƙi yarda a jinkirta. Ba wanda ya gaya wa matuƙi. Jirgin na gudu a kan titi tayoyin suka fashe, ƙarfe ya goga ƙasa har wuta ta kama, matuƙa suka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgi ba su san da wuta suka naɗe ba. Sun juyo Jidda, amma ba su kai titi ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu, bincike kuma ya nuna an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takardar gyara. Abin baƙin cikin shi ne babu wani ilimi da ya ɓuya a nan. Mutane da dama sun san lahanin, amma a cikinsu babu wanda yake da iko da ƙarfin halin cewa jirgin nan ba zai tashi ba.

Ranar 4 ga Mayu 2002 abin ya faɗo cikin garin Kano. Jirgin BAC 1-11 na kamfanin EAS ya nufi Legas da tsakar rana cikin zafin bazara, lokacin da iska ke yin sako-sako, jirgi ya buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Ya zarce ƙarshen titi, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku da mazauna unguwar da ba su taɓa sayen tikiti ba. Gwamnati ta dakatar da irin wannan jirgi. Sannan haɗurran jiragen kamfanonin Bellview da Sosoliso suka biyo baya a 2005, sai jirgin kamfanin ADC ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda ya tashi daga Abuja cikin irin iskar da ta kayar da jirgin 1956, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin waɗanda suka rasu.

Dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta ba hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, cin gashin kai, ta kuma ware hukumar binciken hatsari daban. Aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, waɗanda suka gaza suka rufe, a 2010 Amurka ta sa Nijeriya a rukuni na ɗaya na ƙasashen da sa-idonsu ya cika ƙa'ida. A 2013 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tattara dokokin kula da kasada a kundi guda.

A tsarin yau kowane kamfani yana da shugaba guda da alhakin lafiyar jirage ke wuyansa, da ofishin da ke karɓar rahoton kuskure daga ma'aikata ba tare da hukunta su ba, don wanda ya ji tsoron kora ɓoyewa zai yi. Ana auna kowace kasada da tambaya biyu: yaya yiwuwarta, kuma in ta auku yaya muninta. Kafin kowane tashi injiniya yana sa hannu a littafin jirgi, a lissafa nauyin kaya da zafin rana da tsawon titi, matuƙi ya zagaya jirgin da ƙafarsa yana duba tayoyi. Akwai iyakar sa'o'in da matuƙi zai yi aiki kafin ya huta. Lokacin hunturu, in hazo ya rage nisan gani ƙasa da abin da doka ta yanke wa filin, jirage kan kwana a ƙasa ko da fasinja sun yi ta ƙorafi, kuma hukumar alhazai ta NAHCON tana tantance kamfani kafin ta ba shi maniyyata. Tun 2022 binciken hatsari ya koma hannun hukumar NSIB, wadda aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa.